Kama da Wane Ba ta Wane: Yadda Ake Gane Abu Ɗaya Cikin Riga Biyu

[Kiɗan buɗe shiri]

  Muna gaida mutanen Agye da Caduwa, muna gaida na Gazawa da Gangara, muna miƙa gaisuwa ga Gobirawan Tsibiri da Gidan Rumji, da Cadakori, da Gidan Sori, da Saye Sabuwa. Wanda ya dawo daga gona, sannu da rana. Wadda ta sauke tukunya, sannu da hayaƙi.

Shirinmu na yau na lissafi ne, amma irin lissafin da tsinke ɗaya da ƙasa mai laushi suka ishe shi. Wanda ke zaune a tsakar gida ya share wuri a gabansa, ya tsinto tsakuwa bakwai ya ajiye kusa. Direba kuwa ya riƙe sitiyarinsa da kyau, ya bi mu da kunne.

Ga tambayar da ta tara mu. Abubuwa biyu ne a gabanka, an sauya musu suna, an sauya musu zama. Ta yaya za ka tabbatar abu ɗaya ne, ko kuwa daban suke? Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Gaskiya ne. Sai dai maganar tana da ɗaya gefen: wane na iya sauya riga, ya naɗa rawani, ya wuce ta gabanka ka kasa shaida shi, alhali shi ɗin ne. Tsakanin waɗannan kurakurai biyu, na ɗaukar baƙo a matsayin ɗan gida da na ɗaukar ɗan gida a matsayin baƙo, akwai wata matsala da manyan masana lissafi na duniya suka fi shekara 50 suna fama da ita. Yau za mu zana ta a ƙasa mu dube ta.

Mu fara da hanyar da kowa ya sani, babbar kwaltar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram. In ka shigo ta yamma za ka taras da Gidan Rumji, sai Tsibiri, sai Maraɗi, sai Caduwa, sai Agye, sai Gazawa. Jera tsakuwa shida, kowace tsakuwa gari ɗaya. Ja layi da tsinke tsakanin kowane gari da mai bi masa. Tsakuwa shida, layi biyar. Abin da ka zana ɗin nan 'yan jami'a suna ce masa graf, mu kuwa a shirin nan za mu kira shi zanen alaƙa. Tsakuwar za mu ce mata ƙulli, layin kuma zare, kamar a ragar masunci. Zanen ba ruwansa da nisan hanya, ba ruwansa da wane gari ya fi wani kasuwa. Abu ɗaya yake riƙewa: wa ke haɗe da wa.

Yanzu ka tuno ayarin raƙuman da ke saukowa daga arewa da gishiri da kanwa. Raƙumi shida, kowanne an ɗaure akalarsa a jikin na gabansa. Na gaba da na baya suna da maƙwabci ɗaya ɗaya, huɗun tsakiya suna da biyu biyu. Raƙumi ba gari ba ne, akala kuma ba kwalta ba ce, amma in ka zana ayarin a ƙasa, zanen garuruwan nan zai fito sak. Wannan shi ne ake nufi da abubuwa biyu suna da ƙira ɗaya: ka iya ba kowane ƙulli na nan abokinsa a can, ta yadda duk biyun da zare ya haɗa a nan, zare ya haɗa abokansu a can, babu ragi babu ƙari. A jami'a kalmar ita ce izomorfizim, daga Girkanci, ma'anarta siffa iri ɗaya.

To, ɗauko tsakuwa ta bakwai. Daga Maraɗi akwai hanyar da ta yi kudu zuwa Ɗan Isa, hanyar Katsina. Ajiye tsakuwar a kudu da Maraɗi, ka ja zare. Wannan zane na farko. A gefe ka sake zana garuruwan shida, amma a wannan karon ka bar Ɗan Isa, ka sa Mayahi a arewa da Caduwa, tunda daga Caduwa hanyar Mayahi ta rabu. Wannan zane na biyu. A na farko reshen ya fito daga gari na uku, a na biyu ya fito daga gari na huɗu. Ido zai ce maka daban suke. Tashi ka zagaya, ka tsaya ta ɗaya gefen zane na biyu ka dube shi. Gazawa ta koma mazaunin Gidan Rumji, Agye ta koma mazaunin Tsibiri, Caduwa ta koma mazaunin Maraɗi, Mayahi kuma ta faɗo daidai inda Ɗan Isa take. Ashe ƙira ɗaya ce, zaman ne kawai ya sauya.

Zane na uku. Garuruwan shida dai, amma reshen ya fito daga Agye zuwa wani ƙauye na kusa. Ƙirga mu gani. Ƙulli bakwai a nan, bakwai a can. Zare shida a nan, shida a can. Mararraba mai hanya uku, ɗaya a nan, ɗaya a can. Garuruwan da hanya ta ƙare a kansu, uku a nan, uku a can. Duk ƙidayar ta zo daidai. Amma tsaya a mararrabar ka dubi maƙwabta. A zane na farko, Maraɗi tana da maƙwabciya ɗaya tak da hanya ta ƙare a kanta, wato Ɗan Isa. A zane na uku, Agye tana da biyu: Gazawa da ƙauyen nan. Ko ka kwana kana juya su ba za su hau juna ba. Nan ne karin maganar ta yi aikinta, kama da wane ba ta wane.

Da tsakuwa bakwai ido ya wadatar. Matsalar tana tasowa ne in ƙulli ya yi yawa. Wani zai ce, ai sai a gwada kowace hanyar haɗawa, ɗaya bayan ɗaya, har a dace. Bari mu ga abin da hakan ke ci. Ƙulli 7 yana da hanyoyin haɗawa 5,040. Ƙulli 10 yana da 3,628,800. In ya kai 20, a ce ka samu kwamfutar da ke gwada hanya miliyan dubu a kowace daƙiƙa, ba dare ba rana, za ta shafe kusan shekara 77 kafin ta gama. In ka ƙara ƙulli biyar kacal ya zama 25, aikin ya doshi shekara miliyan 500. Alhali zanen da ake aiki da su a duniyar yau suna da ƙulli dubbai, wasu miliyoyi. Ƙarfi ba zai yi ba, sai dabara.

Dabarar da aka tsara mataki bayan mataki, yadda ko na'ura za ta bi ba tare da ta yi tunani ba, ita ake kira algoridim. Kalmar ta samo asali ne daga sunan Muhammad ɗan Musa Alhawarizmi, malamin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Shi kuwa zanen alaƙa, tarihinsa yakan fara ne daga Leonhard Euler, wanda a 1736 ya yi rubutu kan gadoji bakwai na birnin Kenigsbag, da yau ake kira Kaliningrad a ƙasar Rasha. Mutanen garin suna son sanin ko za a iya zagaya gari a taka kowace gada sau ɗaya tak. Euler ya ajiye tsawon gadoji da faɗin kogi a gefe, ya duba wace ƙasa ke haɗe da wace, ya nuna ba zai yiwu ba.

A daidai wannan zamani akwai wani malami namu da ya kamata kowane yaro a jihar Maraɗi ya san sunansa: Muhammad ɗan Muhammad Alfulani Alkatsinawi. Daga ƙasar Katsina ya fito, ƙasar da tarihinta da na Maraɗi suke uwa ɗaya uba ɗaya. Ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, a can ya rasu a 1741. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan hanyoyin gina wafaƙi, wato hatimin lambobi da ake jerawa gida gida, kowane layi ya ba da jimla ɗaya. Lissafin da ke cikin hatimin shi ne ya shafe mu a yau.

Na fara ganin wannan hatimi ne ina yaro, a hannun wani dattijo da ke zama gindin gawo a bakin gonarmu. Yakan share ƙasa da tafin hannu, ya ja layi huɗu, biyu a tsaye biyu a kwance, gida tara su fito. Sai ya ce, “Zo nan, ɗana, zuba mini ɗaya zuwa tara, kowane layi ya ba ni sha biyar.” Na yi kwanaki ina gogewa ina sakewa. Ran da na samu, na ruga na kira shi. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya zana nasa a gefe, lambobin a wasu gidaje daban. Na ce, “Baba, ashe iri biyu ne.” Ya kama kafaɗata ya zagayo da ni ta ɗaya gefen, ya ce, “Sake dubawa.” Nawa ne, a juye.

Hatimi mai gida tara yana da fuska takwas: juyi huɗu, kowane juyi kuma da kifinsa, kamar ka kalle shi a madubi. Duk takwas ɗin hatimi ɗaya ne. Mai gida 16 yana da fuska 7,040, amma in an cire masu maimaita juna saura 880, ƙidayar da aka buga a Faransa a 1693 daga aikin Frénicle de Bessy. Mai gida 25 kuwa sai da kwamfuta ta zo: a 1973 Richard Schroeppel ya ƙirga 275,305,224.

Ga dabara ta farko, daga hatimin nan za mu ɗauke ta. Maimakon mu yi ta gwada naka da nawa, mu yarda da ƙa'ida ɗaya. Kowa ya juya nasa har lamba mafi ƙanƙanta cikin kusurwoyi huɗu ta koma kusurwar sama ta hagu. Lambar 2 ce. Maƙwabtanta biyu su ne 7 da 9. Kowa ya kifa nasa yadda ƙaramar, wato 7, za ta zauna a layin sama. In kun bi wannan, ko mutum na Gangara ko na Cadakori, abu ɗaya zai fito: sama 2, 7, 6, tsakiya 9, 5, 1, ƙasa 4, 3, 8. Wannan ita ake kira tsayayyar siffa. Kowa ya tufatar da nasa riga iri ɗaya, sannan a jera a duba. Manyan manhajojin da ke wannan aiki a yau a kan wannan tunani aka gina su.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu sauraro, barkanmu da dawowa. Ga wanda bai jima da kama tashar ba, muna magana ne kan yadda ake gane zanen alaƙa biyu ƙira ɗaya suke ko daban.

Dabara ta biyu Hausawa sun riga sun faɗe ta: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wato maƙwabcinka yana shafa maka launinsa. Ga yadda take aiki. Ka zama marini. Zagaye na farko, rina kowane ƙulli bisa yawan zarensa: mai ɗaya fari, mai biyu shuɗi, mai uku ja. Zagaye na biyu, kowane ƙulli ya dubi launin maƙwabtansa. Shuɗin da ke tsakanin fari da ja ya bambanta da shuɗin da ke tsakanin shuɗi da ja, don haka a ba kowanne sabon launi. Haka za a yi ta zagayawa har launuka su daina rabuwa. Sai a ƙirga launukan zane na nan da na can. In ƙidayar ta saɓa, magana ta ƙare, daban suke. Abin da muka yi ke nan ɗazu a mararrabar Agye: jan ƙulli mai fararen maƙwabta biyu ya tona asirin zane na uku.

Masana biyu a Masko, Boris Weisfeiler da Andrei Leman, sun faɗaɗa wannan dabara a 1968, har yau da sunansu ake kiran ta. A 1980 kuma László Babai da Paul Erdős da Stanley Selkow suka tabbatar cewa in da ƙuri'a za a yi ta ɗauko manyan zane, kusan dukkansu wannan rini kaɗai ya isa ya warware su.

Kusan duka, amma da saura. Ku zo mu je dandali da farin wata. 'Yan mata shida sun fito gaɗa, sun yi da'ira ɗaya, kowace ta riƙe hannun biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. A wata unguwar ma 'yan mata shida ne, amma sun rabu uku uku, da'ira biyu ƙanana. Nan ma kowace tana riƙe da hannun biyu. Marini ya zo: kowa mai zare biyu ne, kowa shuɗi. Zagaye na biyu: kowace shuɗiya tana tsakanin shuɗi da shuɗi. Launi ya ƙi rabuwa. Rinin ya ce bai ga bambanci ba, alhali ƙaramin yaro ma ya san da'ira ɗaya daban take da da'ira biyu. Inda kowa ya yi kama da kowa, nan dabarar ke cijewa.

Mafitar ita ce a ware mutum ɗaya. Ɗaura wa yarinya ɗaya jan ɗankwali a kowace unguwa, sannan a sake rinin. A babbar da'ira, biyun da ke riƙe da ita za su sami sabon launi, na bayansu biyu su sami wani, ta shidan da ke fuskantar ta daga nesa ta sami nata. Launin ya ratsa kowa. A ɗaya unguwar, launin zai kama ƙawayenta biyu ya tsaya nan, sauran ukun ko ɗigo bai taɓa su ba. Bambanci ya fito. Ware ɗaya, rina, in an cije a sake ware wani, in hanya ta toshe a koma baya a gwada wata: wannan shi ne zuciyar manhajar nauty, wadda Brendan McKay na ƙasar Ostareliya ya yi bayaninta a 1981, kuma har yau masana suna aiki da ita.

Wani dattijo zai ce, to ɗana, duk wannan me zai ƙara mana a tukunya? Baba, tukunyar ma za mu je. Iskar gas da ake girki da ita a birane tana ɗauke da wani sinadari mai suna butan. Ƙwayarsa tana da zarrar kabon 4 da haidirojin 10, kabon ɗin a jere kamar ayarin raƙuma. Akwai ɗan uwansa izobutan, shi ma kabon 4 da haidirojin 10, amma ɗaya ne a tsakiya, uku suka kewaye shi kamar duwatsun murhu. Kayan haɗi ɗaya, ƙira daban, hali ma daban: butan yana tafasa ne dab da sanyin da ruwa ke daskarewa, izobutan kuwa sai an sauka ƙasa da haka da kusan digiri 12. Arthur Cayley na Ingila ya yi aikin ƙirga irin waɗannan ƙira tun a shekarun 1870.

Yanzu ku dubi mai binciken magunguna. Ya haɗa wani sinadari a ɗakin gwaji, yana son sanin sabo ne ko wani ya riga shi. A birnin Kolombas na Amurka akwai ma'aikatar Chemical Abstracts Service da ke riƙe da rajistar sinadarai tun 1965, kuma a 2015 abin da ke ciki ya haura miliyan 100. Ba mai iya bin su ɗaya bayan ɗaya. A 1965 ɗin H. L. Morgan ya wallafa hanyar ba kowace zarra lamba bisa maƙwabtanta, yadda ko ta wane gefe aka zana sinadarin, suna ɗaya zai fito. Tsayayyar siffar hatimin nan ce ta koma ɗakin magani. Haka ma wayar salular da ke aljihunka. Ƙwaƙwalwarta tana da ƙananan sassa miliyoyi da aka haɗa da siraran wayoyi. Kafin a ƙera ta sai manhaja ta gwada zanen da injiniya ya tsara da zanen da za a buga, ta tabbatar ƙira ɗaya ce, don zare ɗaya in ya kauce an yi asarar dukiya mai yawa.

Akwai kuma gefen da nake so samarinmu da 'yan matanmu su saurara da kyau. Hulɗarka a intanet ma zanen alaƙa ce: kai ƙulli, abokanka ƙulli, abota zare. A 2009 masana biyu na Jami'ar Texas, Arvind Narayanan da Vitaly Shmatikov, sun ɗauki zanen masu amfani da Twitter da aka goge wa sunaye, suka jera shi da zanen Flickr. Ta hanyar duba wa ke haɗe da wa kawai, suka gano kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen da ke da rajista a duka biyun. Darasin a fili yake. Sauya suna a Facebook bai isa ya ɓoye mutum ba, domin jama'arsa tana shaidar sa. Wanda ke shirin zagin mutane da sunan aro ya sani ana iya kai wa gare shi. Wanda kuma wata manhaja ta nemi ya buɗe mata lambobin da ke wayarsa ya tsaya ya yi tunani, domin abin da zai miƙa har da sirrin iyayensa da abokansa.

To ina aka kwana a wajen masana? Suna raba matsaloli gida gida. Mai sauƙi ita ce wadda in girmanta ya ninka biyu, aikin zai ninka da wani adadi tsayayye, kamar huɗu ko takwas. Mai tsauri ita ce wadda ƙara ƙulli kaɗan ke sa aikin ya yi tsalle, kamar yadda muka gani tsakanin 20 da 25. Matsalarmu tana da wani hali: in wani ya kawo maka jerin wa ke abokin wa, dubawa ba wuya, ka bi zare ɗaya bayan ɗaya. Nemo jerin ne aiki. Kamar akuyar da ta ɓace ce: in an kawo ta, shaidar kunne da zanen jiki sun isa ka ce taka ce, amma nemo ta a cikin kasuwa wani abu ne daban. Ko duk abin da dubawarsa ke da sauƙi nemansa ma yana da sauƙi? Wannan ita ce babbar tambayar da Cibiyar Clay ta Amurka ta sa wa ladan dala miliyan ɗaya a shekarar 2000, kuma ladan yana nan ba a karɓa ba.

Wasu ɓangarorin matsalarmu an daɗe da gamawa da su. Zanen da ke da rassa kamar bishiya ko salsalar dangi, da zanen da za a shimfiɗa a ƙasa ba tare da zare ya haye zare ba, an samo musu hanyoyi masu sauri tun a shekarun 1970. Eugene Luks ya warware na waɗanda zaren kowane ƙulli bai wuce wani adadi ba a 1980. Amma matsalar gaba ɗayanta tana rataye a tsakiya: ba a nuna tana cikin masu sauƙi ba, ba a kuma nuna tana cikin mafiya tsauri ba. Ta ja hankalin mutane har a 1977 Ronald Read da Derek Corneil suka kwatanta ta da cuta mai kama masana.

A 1983 Babai da Luks suka kafa iyakar da ta tsaya fiye da shekara 30 ba wanda ya gusar da ita sosai. Sai a watan Nuwamba na 2015, a Jami'ar Cikago, László Babai, haifaffen Budafes ta ƙasar Hangari, yana da shekara 65, ya tsaya gaban jama'a ya gabatar da sabuwar hanya. Ba ta shigar da matsalar gidan masu sauƙi ba, amma ta kawo ta bakin ƙofa. Daga nan Harald Helfgott, masani ɗan asalin ƙasar Peru, ya zauna yana bin hujjar layi layi, har ya ci karo da kuskure. Ranar 4 ga Janairun 2017 Babai da kansa ya sanar wa duniya cewa akwai gyara a aikinsa. Ranar 9 ga watan ya dawo da gyaran, sakamakon ya tsaya da ƙafarsa. Wannan hali nake so mu ɗauka. Dattijo mai suna a duniya, wanda ya girme shi da ilimi kaɗan ne a fannin, wanda bai kai shi shekaru ba ya nuna masa kuskure, ya karɓa a bainar jama'a, ya koma ya gyara. Da haka ilimi ke tsayuwa.

Iyayena, abin da ya sa na kawo wannan batu gidajenku shi ne, kayan aikinsa suna nan a wurinmu. Yarinyar da ke saƙa tabarmar kaba ta san zanen da aka juya da zanen da aka sauya. Makiyayi yana shaida saniyarsa cikin ɗari. Mai dara yana gane wasan da ya taɓa gani ko da daga ɗaya gefen ya zauna. Wannan idon shi lissafin ke nema, makaranta ce ke wasa shi ya yi kaifi. Alkatsinawi daga wannan ƙasa tamu ya tashi, kusan shekara 300 da suka wuce, har malaman Alƙahira suka karɓe shi. Yau Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana nan Maraɗi, tafiyar mota ce daga Agye ko Gidan Rumji. In kun ga yaro ko yarinya sun tsuguna suna zane a ƙasa suna ƙirga, ku ba su lokaci, ku bar su a makaranta.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa. Ƙauyuka huɗu, hanyoyi uku, kowane ƙauye ana iya zuwa gare shi daga kowanne. Ƙira nawa za a samu? Biyu ne: jeri irin na raƙuma, da mai ɗaya a tsakiya irin na murhu, wato butan da ɗan uwansa. To ku ƙara ƙauye ɗaya da hanya ɗaya: ƙauyuka biyar, hanyoyi huɗu. Ƙira nawa ne na gaskiya, ban da waɗanda juyi ne kawai ya raba su? Ku zana tare da yara bayan sallar isha'i. Duk wanda ya ce ya samo sabuwa, ku kama kafaɗarsa ku zagaya da shi ta ɗaya gefen, ya sake dubawa. Malaman lakwal, ku kai tambayar aji, ku aiko mana da amsoshin ɗalibanku, za mu karanta su a farkon shiri na gaba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuriya, ya ƙara mana ilimi mai amfani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. 

[Kiɗan rufe shiri]